Mai Son Zama Malami Ya Leƙa Aji Kafin Ya Cike Fom

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito, akwai wata shawara da ake ba matasa wadda take ɓata mini rai. Yaro ya nemi likitanci ko aikin lauya, makinsa bai kai ba, sai wani babba ya dafa shi ya ce: "Ka nemi ɓangaren koyarwa mana, can babu cunkoso. Ka riƙe shi kafin wani abu ya faɗo." Mai maganar ba da mugun nufi ya yi ba, a ganinsa taimako ne. Amma ya tura yaron karatun shekara uku ko huɗu a kan aikin da bai taɓa tambayar kansa ko zai iya ba. Ya kuma haɗa wasu yara arba'in, da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, da malamin da idonsa ke kan ƙofa.

Ni matsayina shi ne, babu laifi mutum ya shigo koyarwa bayan wata ƙofa ta rufe masa. Nagartattun malamai da yawa ta haka suka shigo. Laifin shi ne shigowa ido rufe. Hanyar zama malami daga ƙarshenta ake auna ta: waɗanne yara zan koyar, wane darasi, a ina, wace takarda hukumar wurin take nema, wace makaranta ce ke ba da wannan takardar. Fom shi ne na ƙarshe, amma yawancin matasa da shi suke farawa. Sannan idan an zo zaɓen kwaleji, abin dubawa shi ne mako nawa take tsayar da ɗalibinta a gaban yara na gaske, da kuma wane ne ke zaune a bayan ajin yana kallonsa.

Zaman aji daban, riƙe aji daban

Koyarwa tana da wani tarko da sauran sana'o'i ba su da shi. Kowa gani yake ya san aikin, tunda ya yi shekara goma sha biyu yana kallon masu yinsa. Wani masanin zamantakewa a Amurka, Dan Lortie, ya ƙiyasta a 1975 cewa ɗalibi kan shafe kusan awa 13,000 a gaban malamai kafin ya gama sakandare. To amma me ya gani a waɗannan awoyi? Tsayuwa gaban allo kawai. Bai ga zaman da aka yi da dare ana tsara darasin ba. Bai ga tulin littattafan da ke jiran a duba ba. Bai san dalilin da ya sa malama ta tsallake mai ɗaga hannu ta kira wanda ya laɓe a kusurwa ba.

Saboda haka matakin farko, kafin a biya ko sisi, shi ne a nemi wata makaranta ta ba da izinin zama a bayan aji na mako biyu. Kwana ɗaya ba ya isa, domin ranar farko yara nutsuwa suke yi saboda ganin baƙo. Ka zauna tun daga taron safe har a tashi, kada ka tsinci darussan da kake so kawai. Ka roƙa a kai ka azuzuwa biyu masu nisa da juna, misali aji biyu na firamare da ajin da ke shirin jarrabawar fita daga sakandare. Sunan aikin ɗaya ne, amma koya wa ɗan shekara bakwai haɗa baƙaƙe da koya wa ɗan shekara goma sha bakwai kimiyyar sinadarai ba su haɗa hanya ba.

Ka riƙe littafi kana rubutawa. Minti nawa ke wucewa tsakanin shigowar malami da fara aiki? Sau nawa aka katse darasin? Me malami ya yi da yaro ya ba da amsar da ba daidai ba? Me yake yi a lokacin da ba shi da darasi? A mako na biyu ka nemi a ware maka yara biyar ko shida na minti goma, ka koya musu abu ɗaya tak. Washegari ka tambaye su, ka ga abin da ya zauna.

Yara za su so ka, baƙo ne kai, wannan ba ma'auni ba ne. Abin da za ka duba a ranka shi ne lokacin da yaro ya kasa ganewa karo na uku: son gano inda ya ɓace ka ji, ko haushi? Wanda ya ji haushi ba a ce ya fasa ba, amma dai ya san abin da ke gabansa. Kafin ka tafi kuma ka karɓi wasiƙa daga shugaban makarantar mai ɗauke da ranakun da ka yi. Kwalejoji da dama suna tambayar irin wannan, kuma ita ce za ta ba ka abin faɗa ranar ganawar neman gurbi, maimakon "tun ina ƙarami nake son yara" da kowa ke maimaitawa.

Daga lasisi ake faro lissafi

A ƙasashe da yawa takardar kammala karatu daban take da izinin koyarwa, kuma a nan mutane suka fi faɗawa rami. A Amurka kowace jiha ce ke ba da nata lasisin, da nata jarrabawar, kuma wanda ya ƙaura zuwa wata jiha sau da yawa sai ya sake cika wasu sharuɗɗa. A Ingila akwai matsayin ƙwararren malami da ake kira QTS, kuma ba a ɗaukar mutum horo sai ya ci Turanci da lissafi a jarrabawar sakandare ta GCSE, in firamare zai koyar a ƙara da kimiyya. A Jamus bayan jami'a akwai wani zangon koyon aiki a makaranta, galibi wata 18, wasu jihohi shekara biyu, da jarrabawar gwamnati a ƙarshensa. Finland tun 1979 ta mayar da digiri na biyu sharaɗi har ga malamin firamare. Najeriya ta ajiye NCE a matsayin mafi ƙarancin takarda, da rajista a hukumar malamai ta TRCN. Ghana a 2018 ta mayar da karatun kwalejojinta na ilimi digirin shekara huɗu, ta kuma fara jarrabawar lasisi.

Tunda abin ya bambanta haka, shawarar wani ɗan'uwa da ya yi karatu shekara goma sha biyar da suka wuce ba ta isa madogara ba. Ka shiga shafin intanet na hukumar da ke yi wa malamai rajista a inda kake son yin aiki, ka karanta sharuɗɗan da kanka, ka nemi jerin kwasa-kwasan da ta amince da su. Na ce kwasa-kwasai, ban ce makarantu ba. Jami'a kan kasance da cikakkiyar rajista alhali sabon kwas ɗin koyarwa da ta buɗe bai samu tantancewa ba tukuna. Idan ma'aikacin ofishin ɗaukar ɗalibai ya ce "ana kan hanya," ka ɗauka bai samu ba. Ka nemi shaida a rubuce: wace hukuma ce ta tantance, yaushe, wa'adin zai ƙare yaushe.

Sauran wuraren da ake tuntuɓe ƙanana ne a ido. Wani ya raina lissafi a sakandare don yana ganin tarihi zai koyar, sai darasi ɗaya ya zaunar da shi shekara guda yana jiran sake jarrabawa. Wani ya haɗa darussa biyu da babu makarantar da ke neman su tare. Wani digirinsa a fannin kasuwanci yake, yana son koyar da lissafi, sai a ƙirga darussan lissafin da ya ɗauka a jami'a a ce ba su kai ba. Wasu ƙasashe kuma suna binciken tarihin mutum a wurin 'yan sanda kafin su bar shi ya kusanci yara, kuma binciken na ɗaukar makonni, wanda bai fara da wuri ba sai gwajin koyarwarsa ya wuce shi. Duk waɗannan takarda ɗaya ce maganinsu: ka rubuta kowane sharaɗi, da ranar da ake rufewa, da ko ka cika ko ba ka cika ba.

Ta wace ƙofa?

Ƙofofin uku ne a yawancin wurare. Akwai karatun da ke haɗa fannin da za ka koyar da dabarun koyarwa tun daga shekarar farko. Akwai yin digiri a fanni zalla, sannan a ƙara shekara ɗaya ko biyu na horon koyarwa, irin PGCE ko PGDE. Akwai kuma shiga aji kai tsaye ana biyan ka kana koyon aikin.

Ga mai son firamare, musamman ƙananan azuzuwa, ni ta farko nake zaɓa masa ba tare da shakka ba. Koyar da karatu da ƙidaya ga yaron da bai taɓa riƙe fensir ba ilimi ne mai zaman kansa, wata tara ba ta ɗaukar sa. Ga mai son manyan azuzuwan sakandare, ta biyu tana da fa'ida biyu: zurfi a fannin, da kuma digirin da zai yi masa amfani in ya gane aji ba wurinsa ba ne. Wanda har yanzu zuciyarsa ke rawa, wannan ta fi masa.

Ta uku ta dace da babban mutum mai iyali da ba zai iya ajiye albashi ba. Amma ita ce ta fi bambanta daga wuri zuwa wuri. A wani tsarin an rage maka darussa an haɗa ka da gogaggen malami. A wani kuma alli kawai za a miƙa maka a nuna maka ƙofar aji, a kira shi horo.

"Ai wanda ya san abu zai iya koyar da shi"

Wannan ita ce hujjar masu ganin karatun koyarwa ɓata lokaci ne, kuma ba zan ce babu gaskiya a cikinta ba. Wanda bai san lissafi ba babu dabarar da za ta sa ya koyar da shi. Kuma akwai kwalejojin da ke cika ɗalibi da haddar sunayen masana da tarihin manhaja, ya fito bai san yadda ake tsayar da hayaniya ba. Masu sukar irin waɗannan suna da hujja.

Amma ga misali. Ka ba yaro 52 a cire 38, ya rubuta 26. Mai digirin lissafi zai ja jan biro ya sake yin aikin a allo, yaron ya kwafa, gobe ya sake kuskuren. Wanda aka horar zai gane nan take cewa yaron ba caca ya yi ba, doka yake bi: a kowane layi yana cire ƙaramar lamba daga babba, 2 daga 8 saura 6, 3 daga 5 saura 2. Matsalarsa bai gane cewa 5 ɗin nan hamsin ce da za a iya warware goma daga cikinta ba. Haka yaron da ya dage cewa 1/8 ya fi 1/4 girma, tunda takwas ta fi huɗu. Sanin irin kurakuran da yara ke yi a kowane darasi, da misalin da ke warware kowanne, wani ilimi ne daban da sanin darasin kansa. Lee Shulman na jami'ar Stanford ya yi bayaninsa a 1986, kuma a kansa horo nagari yake tsayawa.

Akwai ma abubuwan da mutum ba zai taɓa lura da su a kansa ba sai an nuna masa. Mary Budd Rowe, mai bincike kan koyar da kimiyya, ta gano tun shekarun 1970 cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya kafin su kira wani ko su amsa da kansu. Idan jiran ya kai daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi kan yi tsawo, yaran da ke amsawa kan ƙaru. Daƙiƙa uku a gaban aji shiru tana da tsawo fiye da yadda ake zato, kuma sabon malami tsoron shirun nan yake yi. Sai wani ya zauna a baya da agogo ya ce masa "ka jira" kafin ya iya.

Tambayoyin da ya kamata a yi wa kwaleji

A nan nake son mai neman gurbi ya daɗe, domin a nan kwalejoji suka fi rarrabuwa, kuma ba a rubuta shi a takardun talla.

Kwana nawa ɗalibi ke yi a makaranta ta gaske? A Ingila ƙa'ida ga masu horon shekara ɗaya ita ce aƙalla kwana 120, a makarantu biyu ko fiye. Wannan ma'auni ne mai kyau da za ka riƙe a ko'ina kake. Sai kuma yaushe ake farawa. Tsarin da ya tara gwajin koyarwa duka a zangon ƙarshe yana da haɗari: mutum sai ya kashe shekara uku da kuɗinsa kafin ya gane ba zai iya ba, ko ba ya so. Wanda ke kai ɗalibi aji tun shekarar farko, kallo tukuna, sannan taimaka wa malami, sannan darasi ɗaya, sannan mako sukutum, ya fi.

Wa ke nemo makarantar da za a yi gwajin? Idan aka ce ɗalibi ya nemo da kansa, to kwalejin ba ta da wata alaƙa da makarantun, kuma ba ta san hannun wa za ka faɗa ba. A Finland jami'o'i suna da nasu makarantun gwaji, inda malaman suka san horar da ɗalibai na cikin aikinsu. Ba kowa ke da wannan gata ba, amma kowa na iya tambaya: malamin da za a haɗa ni da shi, an zaɓe shi ne ko kuwa shi ne wanda ya fi son hutu? Domin abin da ya fi lalata gwajin koyarwa shi ne malamin aji ya ga ɗalibi ya zo, ya miƙa masa jadawalinsa gaba ɗaya, ya koma ofishin malamai. Ɗalibin zai koyi wani abu, amma abin da zai koya shi ne yadda ake tsira: tsawa, cika allo da rubutu, sa yara kwafa don su yi shiru. Waɗannan ɗabi'u da wuya su bar mutum.

Sau nawa malamin kwaleji ke zuwa duba ɗalibi, kuma me ke biyo baya? Zuwa ɗaya na minti ashirin a cike takarda a ba da maki ba dubawa ba ce. Dubawa ita ce a zauna darasin daga farko har ƙarshe, a zauna da kai bayan an tashi, a ba ka abu ɗaya ko biyu da za ka gyara, a dawo a ga ko ka gyara. Ka kuma tambaya ko ana yin ƙaramin gwaji a cikin kwalejin kafin a fita, wato ka koyar da 'yan mintuna a gaban mutane kaɗan, a yi maka gyara, ka sake. A Stanford aka fara wannan a 1963, kuma yanzu da wayar hannu kowa na iya ɗaukar kansa ya kalla. Kallon ba daɗi, amma yana gyara mutum da sauri.

Amsoshin nan kada ka tsaya a bakin ofis. Ka nemo ɗaliban shekarar ƙarshe biyu ko uku, da wani da ya gama bara yana aiki, ka yi musu tambayoyin. Inda bakinsu ya saɓa da na ofis, nasu za ka ɗauka.

"Wannan duk zancen masu hali ne"

Za a ce ɗan talaka inda aka ba shi gurbi nan zai je, ina shi ina zaɓe. Ni kuwa gani nake shi ya fi kowa bukatar wannan bincike, domin mai hali in ya yi kuskure zai sake, shi kuwa harsashinsa ɗaya ne. Zaman bayan aji kyauta ne. Karanta sharuɗɗan hukuma kyauta ne. Kwas mai araha da ba a tantance ba shi ne mafi tsada a duniya.

Kuma koyarwa na cikin 'yan fannonin da gwamnatoci ke biyan mutum ya karanta, saboda suna nema. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A Singafo, wanda aka ɗauka horo a cibiyar horar da malamai ta NIE albashi ma'aikatar ilimi ke biyan sa tun yana karatu, amma ya sa hannu zai yi aiki na wasu shekaru, uku ga masu difloma ta bayan digiri, in ya fasa ya biya. A Amurka akwai tallafin TEACH, har dala 4,000 a shekara, bisa sharaɗin koyar da fannin da ake ƙarancinsa na shekara huɗu cikin takwas a makarantar 'ya'yan marasa ƙarfi. Wanda bai cika ba, tallafin ya zama bashi, da ruwan da ake lissafawa tun ranar da aka ba shi kuɗin. Dubban malamai sun wayi gari da wannan bashi alhali suna cikin aji suna koyarwa, don kawai takardar shaidar shekara-shekara ta makara ko an cike ta ba daidai ba, har sai da aka sassauta dokar daga baya.

Don haka kafin sa hannu a karanta abu huɗu: shekara nawa, wa ke zaɓar wurin aiki, me zai faru in an yi rashin lafiya ko haihuwa ko gwamnati ta kasa ba da aikin, nawa za a biya in an fita. A ajiye kwafin kowace takarda.

Ga wanda ba zai iya shekara huɗu a jere ba, hawa mataki-mataki hanya ce mai mutunci: ƙaramar takarda, aiki, sannan digiri ta karatun wucin gadi ko na nesa. A Amurka da yawa suna yin shekara biyu a kwalejin unguwa mai sauƙin kuɗi sannan su koma jami'a. Inda ake cutuwa shi ne wurin sauyawa, lokacin da jami'a ta ƙi karɓar rabin darussan da aka yi. Tun kafin ka fara matakin farko, ka je makarantar mataki na biyu ka tambayi waɗanne darussa take karɓa daga inda za ka fito, a rubuce. Karatun intanet kuma ba aibu ba ne ga darussan littafi, amma duk kwas ɗin da ya ce zai mayar da kai malami ba tare da ka taka aji ba, takarda yake sayarwa.

"Ana ƙarancin malamai, a buɗe ƙofa kowa ya shigo"

Ƙarancin gaskiya ne. UNESCO ta ce duniya na bukatar ƙarin malaman firamare da sakandare miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Amma a duba sauran lissafin: fiye da rabin adadin nan na maye gurbin masu barin aikin ne. Yawan malaman firamare da ke fita duk shekara ya kusan ninkawa, daga kashi 4.6 cikin ɗari a 2015 zuwa kashi 9 a 2022. A Ingila kusan ɗaya cikin uku na sababbin malamai kan bar aikin cikin shekara biyar. Ɗiban ruwa da kwando ke nan. Ƙara yawan masu shigowa ba tare da shiri ba ƙara yawan masu fita ne, kuma kowane mai fita ya bar aji a tsakiyar zango.

Ana yawan kafa hujja da shirye-shirye irin Teach For America, da aka fara a 1990, mai ɗaukar haziƙan masu digiri ya ba su horon 'yan makonni ya tura su aji na shekara biyu. Akwai waɗanda suka yi abin yabo a ciki. Amma ana tace su sosai kafin a ɗauka, ana bin su da jagoranci bayan sun fara, kuma alkawarinsu shekara biyu ne tun farko. Gwamnatin da ta kwaikwayi gajartar horon ta bar tacewar da jagorancin, mummunan rabin ta ɗauka. Kuma kullum makarantun marasa galihu ake kai wa waɗannan malamai.

Albashi, da shekarar farko

Ba zan yi wa kowa daɗin baki ba. Ko a ƙasashe masu arziki na ƙungiyar OECD, malami a mafi yawansu bai kai matsakaicin abin da sauran masu digiri ke samu ba, a ƙasashe matalauta kuma har jinkirin biya ana fama da shi. Masu cewa "ladan malami yana sama" galibi ba su ne ke jiran ƙarshen wata da albashin malami ba. Mai shigowa ya nemo jadawalin albashin wurin da zai yi aiki, wanda a aikin gwamnati ba sirri ba ne, ya duba matakin farko, ya duba na shekara goma, ya ga abin da ke kai mutum gaba: shekaru ne, ƙarin takarda ce, ko riƙe muƙami. Ya duba fansho. Ya san kuma cewa lissafi, kimiyya da koyar da yara masu bukata ta musamman sun fi saurin samun aiki kusan ko'ina, wani wurin har da ƙarin alawus. In lissafin bai fita ba, gara ya sani yanzu.

Takarda a hannu kuma ba ita ce ƙarshen hanya ba, domin shekarar farko ce ke karya mutane. Komai sabo ne, kowane darasi sai an tsara shi daga tushe, ga rajistar yara, ga iyaye, ga sakamakon ƙarshen zango. Wasu ƙasashe sun gane haka. Scotland na ba wanda ya gama horo gurbin aiki na shekara ɗaya da ragin darussa. Ingila tun 2021 ta mayar da zangon sabon malami shekara biyu, da jagora, da ragin kashi 10 cikin ɗari na darussa a shekarar farko, kashi 5 a ta biyu.

Inda babu irin wannan doka, sabon malami shi zai nema wa kansa. Ranar ganawar ɗaukar aiki, idan aka ce ko kana da tambaya, ka tambayi darasi nawa za a ba ka a mako, darussa iri nawa ne, yara nawa ne a aji, wa za ka je wurinsa in abu ya cije, kuma malamai nawa suka bar makarantar bara. Darasi ashirin na fanni ɗaya a azuzuwa biyu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan darasi goma sha biyar na fannoni huɗu, domin shirin ne ke cin lokaci. Idan makarantu biyu suka kira ka, ɗaya ta ɗara da ɗan kuɗi, ɗaya kuma tana da gogaggen malami a fanninka da ya yarda ya riƙa shiga ajinka sau ɗaya a mako, kai ma ka riƙa shiga nasa, ni ta biyun zan ce ka ɗauka, aƙalla na shekara biyun farko.